Gudumar Baba Ishaya

Tun da na dawo daga Zamfara ban huta da tambaya ba. A asibiti abokan aiki, a coci matan zumunta, har mai sayar mini da kayan miya sai da ta ja ni gefe ta tambaye ni wai da gaske ne a can ba a ganin mace a titi. Kowa da abin da yake so in ce na gani. Wasu labarin bulala suke son ji, wasu kuma so suke in ce duniya ta gyaru a can babu sauran ɓarawo. Ni ban ga ko ɗaya ba, kuma na gaji da ba da labari guntu-guntu a tsaye. Waɗanda suka shigo ɗakina ma sun ƙara da tambayar tsohuwar gudumar da ke kan kabad, wai ko ita ce tsarabar. To ga labarin gaba ɗaya, wanda ya karanta ya shafa mini lafiya.

A Kaura Namoda aka haife ni, a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa. Mahaifina Dauda yana cikin masu zuba wa jirgi gawayi, amininsa kuwa shi ne Baba Ishaya, mutumin Dauran ta ƙasar Zurmi. Aikinsa bin layin dogo da ƙafa, yana ƙwanƙwasa ƙarfe da guduma, daga ƙarar yake gane inda ya tsage ko ya saki. A wurin aikin nan ya zama Kirista yana saurayi, shi kaɗai a danginsu. Cocinmu leburorin dogo ne suka gina shi da dutse, suka ɗaga shi sama kamar dandamalin tasha saboda ruwa na kwanciya a wurin, don haka sai an hau doguwar matakala kafin a shiga. Ba mu taɓa mallakar ƙararrawa ba. Guntun ƙarfen dogo aka rataye a jikin darbejiyar da ke gefen coci, Baba Ishaya ke buga shi da gudumarsa ta aiki kowace Lahadi, tun kafin a haife ni har na yi aure na bar garin.

Bayan ya yi ritaya, matarsa ta rasu, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi a dama. Ba shi da ɗa a raye. Sani, ɗan ƙanensa, Musulmi manomi, ya zo ya ɗauke shi ya mayar da shi Dauran. Sau ɗaya aka taɓa kawo shi coci bayan ciwon. Samari huɗu suka ɗora shi a kujera za su haura da shi, ya ce su ajiye shi. Ya ce a matakalar nan abu ɗaya ne mutum huɗu ke ɗauka, shi ne akwatin gawa, shi kuwa da sauran numfashinsa. Aka yi lallashin duniya ya ƙi. Ya yi sujadarsa a gindin darbejiya, aka mayar da shi, bai sake zuwa ba.

Da na ji za a gyara cocin domin rufin na neman faɗowa a kan mutane, kuma ana neman hannun mu da muka tashi a can, na aika musu da sharaɗina. Na ce a yi hanyar siminti mai gangare wadda keken guragu zai iya hawa, ni kuma zan kawo keken, in je da kaina in ɗauko Baba ya shiga ba tare da kowa ya ɗaga shi ba. Suka ce sun ji. Da damina ta ja baya aka aiko mini cewa aiki ya kammala.

Na so in bi jirgi don tunawa da da, amma a tashar Zariya aka yi mini dariya, wai rabonsu da ganin na Kaura har sun manta. Sai motar haya. Aka ɗaure keken a bisa, tsakanin buhunan albasa, ni kuma duk ramin da muka faɗa sai na leƙa ta taga in ga ko yana nan. Muna wuce Funtuwa motar ta fara yin shiru. Da muka doshi Tsafe, inda ƙasar Zamfara ta fara, na ga mata suna buɗe jaka suna ciro manyan hijabai, direba ya cire kaset ɗin kiɗan da ya cika mana kunne tun safe ya sa na wa'azi. Babu wanda ya tare mu, babu wanda ya ce wa kowa komai. Ni ma na ciro babban mayafin da na aro wurin maƙwabciyata na lulluɓa. Matar da ke gefena, 'yar kasuwa ce mai sarin gyaɗa, ta dube ni ta gyara mini shi ta ce yadda na ɗaura ko makaho zai gane baƙuwa ce. Ta ba ni ɓarin goro, ba ta tambaye ni addinina ba.

A Gusau muka canja mota, maza gaba mata baya. Wannan bai dame ni ba, a cocinmu ma haka muke zama tun ina yarinya, maza dama mata hagu. Abin da ya dame ni a Kaura ya same ni. A Zariya da na sauka sai in ɗaga wa ɗan acaɓa hannu, a nan kuwa duk wanda na kira sai ya girgiza kai ya ce an hana ɗaukar mata. Aka ce in jira motar mata. Na jira har ƙafata ta yi tsami ba ta zo ba. Na buɗe keken, na ɗora jakata a kan kujerar, na kama turawa ta tsakiyar gari. Mutane suna kallona ina kallonsu. Wajen kasuwar hatsi wani dattijo ya tsaya, ya dubi kujerar da babu kowa a kai, ya ce mini Allah shi jiƙan rai. Na buɗe baki in gyara masa, sai na fasa, na ce amin kawai na wuce.

Unguwarmu ta mutu. Gidajen ma'aikata rabi babu rufi, ciyawa ta cinye layin dogo, awaki na kwance a inda muke tsayawa mu ɗaga wa fasinjoji hannu. A Sabon Gari shaguna da yawa a kulle, masu su sun kwashe iyali sun koma kudu tun da aka fara maganar shari'a, wasu sun ce za su dawo in sun ga yadda abin ya zauna. Na nemi gidan da aka haife ni na same shi, wani ya mayar da shi wurin ajiyar ƙaiƙayi.

Cocin kuwa ya yi kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. An sauke tsohon kwano an sa sabo, an fitar da katakon da gara ta cinye, an kori jemagun da suka yi shekaru suna yi mana sujada a sama. Duwatsun bango an wanke su an cike tsakaninsu, ba a shafe su da siminti ba kamar yadda na ji tsoro. Faston yaro ne, mutumin kudancin Kaduna, bai daɗe da zuwa ba, mai ladabi da fara'a. Shi ya zagaya da ni. Ya ce ba su taɓa fuskar cocin ba, na farko don matakalar tsohon aiki ce ba sa son a fasa ta, na biyu dattawa sun ga ba lokacin da za a ga sabon gini yana kallon titi ba ne, kada a ce an faɗaɗa coci. Saboda haka aka yi gangaren a gefe, a ƙofar mata. Na ce a raina Baba zai yi mita, amma zai shiga.

Muka zagaya gefen. Abin da na fara gani shi ne sarari. Darbejiyar babu ita, sai kututture. Fasto ya ce saiwarta ce ke tsaga bango, kuma a kan hanyar gangaren take, dole aka sare. Na tambaye shi ina ƙarfen. Fuskarsa ta washe, ya ce ai abin da yake ɗokin nuna mini ke nan.

Gangaren ya yi daidai, ba tsayi ba santsi, an yi masa ɗan gini a gefen hagu don dafawa. A bisa ginin nan aka kwantar da ƙarfen dogon, aka cika ƙarƙashinsa da siminti, aka shafa masa baƙin fenti yana ƙyalli. Fasto ya ce tun bara dattawa suka daina buga shi. Wani tsoho da ke biye da mu ya karɓe zancen ya ce, "Ba wanda ya zo ya hana mu, Mama. Mu dai muka ga lokacin ba na ɗaga murya ba ne." Da aka sare itacen sai ƙarfen ya zauna a ƙasa yana tsatsa, masu gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, suna zagayarsa. Suka yi shawara suka ce maimakon a sace, a sa shi inda Baba zai dafa shi da hannunsa duk ranar da ya zo. Don girmama shi suka yi. Faston bai taɓa jin ƙarar ƙarfen nan ba ko sau ɗaya, ban ga laifinsa ba. Na ɗauki dutse na ɗan ƙwanƙwasa. Kamar na bugi bango.

Ni mai baki ce, duk wanda ya yi aiki da ni ya sani, amma ranar godiya kawai na yi. Na ce an gode, Allah ya saka.

Washegari na kama hanyar Dauran. Na gaya wa direba tun a tasha cewa Dauran zan sauka, ya ce ya ji, sannan ya shiga gardamar farashin gero da na kusa da shi ya wuce da ni har Zurmi. Da na yi magana ya ce ai ban yi kama da mai sauka Dauran ba. Na ba shi amsar da ba zan rubuta a nan ba. A Zurmi na zauna ƙarƙashin rumfar wata mai fura, na sha mai kyau wadda rabona da irinta tun ina yarinya, tana ta tambayata ko ni ce mai keken na warke. Sai bayan azahar na sami a-kori-kura mai komawa baya, aka ɗora ni a gaba, keken a baya tare da tumaki.

Gidan Sani ba ya ɓata, kowa ya san gidan da tsohon Kirista yake. Matarsa Hajara ta fito ta tarbe ni kamar ta san ni, ta ce, "Lale da baƙuwa. Sai dai Baffa ba shi nan, sun tahi Shinkahi wurin mai magani." Wai wani Buzu ne ke zuwa daga ƙetaren iyaka yana murza masu shanyewar jiki da wani mai, Sani ya ji labarinsa ya ce sai ya gwada. Na yi shekaru ina jinyar irin wannan ciwo, na san babu man da zai tayar da hannun da ya daɗe da mutuwa.

Na kwana a gidan. Hajara ta kawo mini hoce da ƙuli-ƙuli, wannan wainar dawa mai tauri da mutanen can ke ji da ita, na ci don kunya, haƙorana suna kuka. Da yamma aka yi tuwon dawa miyar kuka. A ɗakin Baba ta shimfiɗa mini. Ɗakin a share, babu wari, Littafi Mai Tsarkinsa na kan taga an lulluɓe shi da ƙyalle. Hajara ta ce ba ta taɓa shi da hannu, amma tana kakkaɓe ƙyallen. Ta ce duk Lahadi da hantsi sai ya sa a fitar da shi ƙofar gida, ya juya kunne wajen Kaura ya yi shiru. Sun sha gaya masa nisan ya yi yawa ba za a ji ba, yana ce musu shi yana ji. Na juya fuskata wajen bango don kada ta ga idona.

Da safe na shiga motar 'yan kasuwa mai zuwa Shinkafi. Hanyar ruwa ya cinye ta, sau biyu muna sauka maza su tura. Akwai wata Bafulatana da ƙwaryar nono a cinya, duk girgizar da aka yi sai ya fantsamo mini a zane, ita kuma ta ce mini sannu kamar ni ce na yi ɓarin. Shinkafi ranar kasuwa ce, ban taɓa ganin dabbobi haka ba, shanu da raƙuma da jakuna, ga mutanen Nijar da rawunansu suna ciniki da kuɗinsu na sefa, suna jefa kalmomin Faransanci a cikin Hausa. Na sake tura keke babu kowa a kai, wannan karon cikin kashin shanu. Wani mai shayi ya nuna mini zauren da Buzun ke sauka.

A kan tabarma na same shi, an jingina shi da bango. Mutumin da nake tunawa dogo, mai faɗin kafaɗa, wanda ke ɗaga ni da hannu ɗaya, ya koma ɗan mitsitsi. Bakinsa ya karkace, hannun dama na kwance a cinya yana ƙyallin mai. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Rifkatu ta? Ɗiyar Dauda? Kin tsuhwa." Na ce shi kuwa yana nan kamar jiya. Ya yi dariya da rabin baki.

Sani mutum ne mai kamar shekaruna, ba ya da yawan magana. Halin aiki ya sa na duba bayan Baba da ƙugunsa, ban sami gyambon kwanciya ko ɗaya ba. A asibitinmu ma ba kowane majinyaci ke samun wannan ba. Na zo da niyyar yi wa Sani faɗa a kan kawo tsoho wannan uwar tafiya don man shafawa, da na ga haka na haɗiye. Shi da kansa ya ce mini ya san da wuya, amma zama a zuba ido ya fi wuya.

Da aka ɗora Baba a keken sai ya zama yaro. Ya kama taya da hannun hagu ya murza, keken ya yi ta zagaye wuri ɗaya, mutanen zaure na dariya shi ma yana yi. Na ba shi labarin rufi, da duwatsu, da gangaren. Da na ce a ƙofar mata yake, ya ce wato da tsufansa za a mayar da shi zumuntar mata, amma ba komai, marigayiya ta nan take shiga. Sannan ya tambayi abin da nake gudu tun Kaura.

"Wa ka buga ƙarhe yanzu?"

Na ce tun da ya bari ba a sami mai hannunsa ba. Ba ƙarya na yi ba, amma na san abin da na yi. Ya gyaɗa kai, ya sa Sani ya miƙo masa wani ƙunshi daga cikin kayansu. Ya warware da hannu ɗaya da haƙori. Gudumar ce, ƙotarta ta yi baƙi ta yi santsi. Sani ya ce ko asibiti za a je da ita ake zuwa. Baba ya ce ya daɗe yana gwada hannun hagu a kan turmin Hajara, yanzu ya iya. Ranar Lahadi shi zai yi kira.

Mun kwana biyu a Shinkafi a gidan wani abokin cinikin Sani don Baba ya huta, ni a cikin gida wurin mata. Ban ji daɗin komai ba, ko masar da suka yi ta yabo ban san ɗanɗanonta ba. Ranar da za mu tafi na ja Sani gefe a tasha na gaya masa komai. Ya ce yana yaro in an kawo shi hutu Kaura, har kasuwar hatsi ake jin ƙarar nan, masu awo Musulmi ma da ita suke sanin hantsi ya yi. Ya ce in gaya wa Baba tun a hanya, kada ya gani da ido. Na ce to. Muka shiga mota, Baba a gaba an tokare shi da matashi, ƙunshin a cinyarsa, yana nuna wa direba inda dogo ya so ya wuce aka fasa. Duk garin da muka wuce sai in ce a na gaba zan faɗa. Har muka shiga Kaura ban faɗa ba. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba.

Ranar Lahadi ya tashe mu da wuri, ya ce mai kira ba ya zuwa tare da jama'a. Aka sa masa farar riga da hula. Sani ya tura shi daga masaukinmu, ina biye. Da muka iso gaban coci ya ɗaga kai ya dubi sabon rufi ya ce madalla, ya dubi matakala ya kau da kai. Ya ce a kai shi gindin icce.

Muka zagaya. Ya dubi kututturen, ya dubi sama inda reshen yake a da, ya waiwayo ya dube ni. Na nuna masa gangaren da hannu. Faston ya fito da sauri da fara'arsa zai yi bayani, Sani ya ɗan ɗaga masa hannu, ya tsaya.

Sani ya matsa da keken bakin gangaren. Baba ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen, ya bi shi a hankali har ya kai wani wuri da ya lotsa, inda gudumarsa ta yi shekaru tana sauka. Fenti bai ɓoye shi ba. Ya bar hannunsa a wurin. Sannan ya warware ƙunshin, ya ɗaga gudumar da hagu, ya buga. Wani ɗan sauti ya fito, gajere, ya mutu nan take. Akwai kaza tana tono kusa da mu, ko kai ba ta ɗaga ba. Ya sake bugawa da ƙarfi, fenti ya ɓare. Ya buga na uku. Ya karkata kunne kamar yadda yake yi a kan layi in yana neman inda ya tsage, ya saurara, babu komai.

Fasto ya durƙusa ya ce, "Baba, don kai muka sa shi a nan." Baba ya dafa kan Fasto ya ce ya sani, Allah shi yi albarka. Ni ya juyo ya kalla.

"Da kun bar shi bisa icce, da na yarda an ɗauke ni."

Ban taɓa jin magana ta soke ni haka ba. Ni na kafe a kan gangaren nan, ni na ɗauko keke tun daga Zariya ina jin na yi abin kirki, kuma ko sau ɗaya ban tambaye shi abin da yake so ya dawo ya yi ba. Na ɗauka shiga yake so.

Ya miƙo mini gudumar ya ce in riƙe, yana bukatar hannunsa. Sani zai tura, Baba ya ce a'a, ya tare dai daga baya kada ya koma. Ya kama ƙarfen ya ja, keken ya motsa kaɗan. Ya saki ya kama gaba ya sake ja. Gumi ya jiƙa farar rigar, numfashinsa na fita da ƙara. Haka ya hau har ƙofa. A bakin ƙofar Sani ya tsaya, ya sakar mini keken, ya koma ya zauna a kan kututturen darbejiya yana jira.

Baba ya shiga, ba wanda ya ɗauke shi. Na ajiye shi a gefen mata, kusa da bencin da matarsa ke zama. Jama'a suka taru, ba su cika benci uku ba, yawanci tsofaffi, a cocin da a da sai an shimfiɗa wa yara tabarma a waje. Ya waiwaya ya dubi bencinan da babu kowa, ya tambaye ni a hankali ko mutane ba su san lokaci ya yi ba. Na ce su ke nan, Baba. Aka yi waƙa bai buɗe baki ba. Fasto ya ambaci sunansa a wa'azi, aka tafa, ya sunkuyar da kai.

An dafa shinkafa don bikin gyaran, bai ci ba. Ya ce wa Sani su kama hanya kada dare ya yi musu. Na roƙe shi ya kwana, na ce yanzu da keke da hanya duk Lahadin da ya so sai a kawo shi. Ya ce to, irin to ɗin da na san ma'anarta. Na raka su tasha, aka naɗe keken aka ɗaure a bisa, aka zaunar da shi a gaba. Sai da direba ya tayar da mota na tuna gudumar na cikin jakata. Na ciro ta na miƙa masa ta taga.

Ya dube ta, bai miƙo hannu ba. Ya ce, "In buga mi?"

Motar ta tashi, na tsaya a tashar da guduma a hannu har wani ya tambaye ni ko ta sayarwa ce. Dawowata ba abin da zan ba da labari a kai, hanyar da na bi na je ita na biyo. Kwanan baya wani direban Kaura ya kawo mini saƙon Sani, ya ce Baffa na nan da sauƙi, keken na amfani, yana zagaya tsakar gida da shi. Sai dai ranar Lahadi ya daina cewa a fitar da shi ƙofar gida.